Littattafan Koyon Zuba Jari a Hannun Jari: Wanda Za Ka Fara da Shi da Yadda Za Ka Bi Sauran

Duk wanda ya tambayi masu harkar hannun jari wane littafi zai fara karantawa, amsar da zai fi ji ita ce The Intelligent Investor na Benjamin Graham. Littafin ya cancanci sunan da ya yi, amma ni ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da shi. Na ga mutane sun saye shi da zumuɗi, suka kai babi na uku ko na huɗu, suka tarar ana ta bayanin farashin kasuwar Amurka da takardun bashin gwamnatinta na farkon shekarun 1970, sai suka rufe, suka yanke wa kansu hukuncin cewa harkar ta fi ƙarfinsu. Alhali kuwa jerin karatun ne ya zo musu a birkice. Littattafai shida ko bakwai sun ishi mutum ya tsaya da ƙafarsa, in dai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne ya haɗa shi da wani aiki da zai yi da biro da takarda. Karatun da babu wannan aikin a cikinsa, bayan wata biyu ba abin da zai rage a kai sai sunayen marubuta.

Ka fara da kanka

Na farko shi ne The Psychology of Money na Morgan Housel, wanda ya fito a 2020. Babi ashirin ne gajeru, Turancinsa mai sauƙi, kuma ba ya buƙatar ka san ko kalma ɗaya ta kasuwa. A gabatarwarsa ya kawo labarin Ronald Read, wani mutum a jihar Vermont ta Amurka, wanda ya yi shekara 25 yana gyaran motoci a gidan mai, ya kuma yi shekara 17 yana shara a wani babban kanti. Da ya rasu a 2014 yana da shekara 92, aka tarar ya bar dukiyar da ta kai dala miliyan 8, kuma ya yi wasiyya da fiye da miliyan 6 ga asibiti da ɗakin karatu na garinsu. Ba gado ya ci ba. Ɗan abin da ya rage masa yake sayen hannun jarin manyan kamfanoni da shi, ya ajiye, shekaru suna tafiya. Housel ya kuma yi lissafin dukiyar Warren Buffett, shahararren mai zuba jari na Amurka, ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari nata ya samu ne bayan ya wuce shekara 60, mutumin da ya sayi hannun jarinsa na farko yana ɗan shekara 11. Gwanintar Buffett gaskiya ce, amma tsawon lokacin da ya ba kuɗinsa suna haihuwa shi ne ya yi mafi yawan aikin.

Da ka gama wannan littafi, ka ɗauki littafin rubutu ka amsa tambayoyi uku. Nawa ne kuɗin da za ka iya ajiyewa shekara biyar ba ka taɓa ba, ko da wata larura ta taso? Kana da wani ajiyayyen kuɗi daban na ko-ta-kwana? Sannan idan ka wayi gari abin da ka zuba ya koma rabi, me za ka yi? Ta ukun nan ba tsoratarwa ba ce. Daga Oktoban 2007 zuwa Maris na 2009, ma'aunin S&P 500, wanda ke auna manyan kamfanoni 500 na Amurka, ya faɗi da kusan kashi 57 cikin ɗari. A watannin Fabrairu da Maris na 2020 ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku a ɗan abin da ya wuce wata guda. Ka rubuta amsarka da kwanan wata, don akwai ranar da za ka buƙaci ka dawo ka duba ta.

Littattafai biyu masu rage girman kai

Bayan Housel sai A Random Walk Down Wall Street na Burton Malkiel, malamin tattalin arziki a Jami'ar Princeton. Ya fara fitowa a 1973, kuma an yi ta sabunta shi, don haka ka nemi bugu na baya-bayan nan. Farkon littafin tarihi ne mai daɗin karatu: yadda mutanen Holan suka haukace a kan furen tulif a shekarun 1630, yadda kamfanin South Sea ya cinye dukiyar mutanen Ingila a 1720, faɗuwar kasuwar Amurka ta 1929, da guguwar kamfanonin intanet da ta fashe a 2000. Kana karantawa za ka lura labarin kusan iri ɗaya ne kowane zamani. Sabon abu ya fito, farashi ya tashi, maƙwabci ya samu, kowa ya ruga, ana cewa wannan karon daban ne, sannan a neme masu saye a rasa. Daga nan Malkiel ya shiga babbar hujjarsa, wato cewa farashin gobe ba ya hasashuwa daga na jiya, kuma yawancin ƙwararrun da ake biya don su zaɓi hannun jari ba sa iya doke kasuwa gaba ɗaya idan aka auna su a dogon lokaci. Tsakiyar littafin ya ɗan yi nauyi da lissafin jami'a. In ya cushe maka, ka tsallake, ka dawo daga baya.

John Bogle ne ya ɗauki wannan hujja ya mai da ita sana'a. Ya kafa kamfanin Vanguard a 1975, kuma a 1976 ya buɗe wa talakawan masu zuba jari asusu na farko mai bin sawun kasuwa, wato asusun da ba ya zaɓe, sai dai ya sayi duk kamfanonin da ke cikin ma'auni ya riƙe, a kan la'ada ƙanƙanuwa. An yi masa dariya a lokacin. Littafinsa The Little Book of Common Sense Investing na 2007 magana ɗaya yake nanatawa daga farko har ƙarshe, har wasu kan gaji da shi, amma maganar ta cancanci nanatawa. Idan aka haɗa duk masu zuba jari wuri guda, abin da za su samu shi ne abin da kasuwa ta bayar, babu ƙari. Daga ciki ne ake cire la'adar dillali da kuɗin masu kula da asusu da haraji. Wanda ya fi kowa biyan waɗannan shi ne zai fi kowa komawa gida da kaɗan.

Ka gwada da na'urar lissafi ka gani da idonka. Ka ce mutum ya zuba dala 10,000, tana samun kashi 7 cikin ɗari duk shekara, ribar kuma ana mayar da ita ciki. Bayan shekara 30 za ta kai kusan dala 76,000. Idan kuwa ana cire kashi 2 duk shekara a matsayin la'ada, ya rage kashi 5, abin da zai samu bai wuce dala 43,000 da 'yan kai ba. Kashi 2 da ake raina wa ya tafi da sama da dala 32,000. Buffett da kansa ya sa wannan magana a faifai. Ya yi cacar dala miliyan ɗaya cewa daga farkon 2008 zuwa ƙarshen 2017 asusu mai bin S&P 500 zai doke zaɓaɓɓun asusu biyar na ƙwararru masu tsadar la'ada. Shekara goma ta cika, babu ko ɗaya daga cikin biyar ɗin da ya kamo shi.

Na sa waɗannan biyu a gaba da gangan. Mutum da yawa idan ya gama su zai ga cewa ba ya da lokaci ko sha'awar bin kamfanoni ɗaya-ɗaya, kuma asusu mai bin kasuwa ya wadatar da shi. Wannan hukunci ne mai kyau, ba gazawa a ciki. Wanda kuma ya ce zai zaɓa da kansa, to yanzu ya san abin da yake takara da shi, kuma duk ƙarshen shekara yana da ma'aunin da zai gwada kansa da shi.

Inda yawancin mutane ke gujewa

Ba za ka amfana da Peter Lynch, wanda littafinsa ke tafe, ko Graham ba idan ba ka iya karanta lissafin kamfani ba. Sayen hannun jarin kamfanin da ba ka duba takardunsa ba cinikin biri a sama ne. Littafin da na fi so a nan shi ne Financial Statements na Thomas Ittelson, saboda hanyar da ya bi: ya ƙirƙiri wani kamfani na misali, ya bi shi tun daga ranar da aka tara jari, aka sayi inji, aka ɗauki ma'aikata, aka sayar da kaya, yana nuna maka yadda kowace hada-hada ke sauya lambobi a takardu uku. How to Read a Financial Report na John Tracy ma yana yin aikin, kuma ya fi gajarta. Ɗaya ya isa.

Kada ka karanta shi shi kaɗai. Ka zaɓi kamfani guda da ke kasuwar hannun jari, wanda ka gane abin da yake sayarwa, ka shiga shafinsa na intanet ka sauke rahotonsa na shekara. Kyauta ne, doka ce ta wajabta musu wallafawa. Shafukan farko hotuna ne da jawabin shugaba, kowa yana murmushi. Ka wuce su ka tafi can baya inda lambobi suke.

Takarda ta farko tana nuna ciniki da kashe kuɗi da ribar da ta rage a shekara. Ta biyu tana nuna abin da kamfani ya mallaka da bashin da ke kansa a rana ta ƙarshe ta shekara. Ta uku tana nuna tsabar kuɗin da suka shigo da waɗanda suka fita. Sabon shiga yakan tsaya a ta farko, don nan ne kalmar riba take. Ni ta uku nake fara dubawa. Dalili kuwa, kamfani zai iya ba da kaya bashi na miliyan 100, ya rubuta ciniki, ya rubuta riba, alhali ko sisi bai shigo ba. Sai ka ɗora yatsa a kan layin riba, ka ɗora wani a kan layin tsabar kuɗin da aikin kamfani ya kawo, ka bi su shekara biyar a jere. Idan suna tafiya tare, da alama ribar ta gaske ce. Idan riba tana hawa, tsabar kuɗi kuwa tana nan a kwance ko tana sauka, ka koma takarda ta biyu ka duba layi biyu: bashin da kamfani ke bin abokan cinikinsa, da kayan da ke jibge a sito. In waɗannan suna girma fiye da yadda ciniki ke girma, ko dai ba a biyan kamfanin, ko kayansa ba sa tafiya. Bayan haka ka duba bashin banki, ka kwatanta kuɗin ruwan da yake biya da ribar da yake samu kafin biyan. Ka duba yawan hannun jarin ma, domin kamfanin da ke ƙirƙirar sabbin hannaye duk shekara yana rage rabonka ne a hankali ba tare da ka ji ba. Ƙananan bayanan da ke bin takardun nan, waɗanda aka buga da siraran haruffa, a nan ake samun shari'o'in da ke kotu da bashin da zai cika nan kusa. Ba su da daɗin karatu, amma ka karanta.

Lissafi guda kuma ka iya shi kamar sunanka. Idan hannu ɗaya ana sayar da shi 100, ribar da ta faɗo wa hannu ɗaya a shekara kuma 5 ce, to farashi ya ninka riba sau 20. Ma'ana, in riba ba ta ƙaru ba, sai kamfanin ya yi shekara 20 kafin ya samar da abin da ka biya. Duk littattafan da ke tafe suna magana da wannan ninki.

Peter Lynch da Philip Fisher

Yanzu ka shirya wa One Up on Wall Street, wanda Peter Lynch ya rubuta tare da John Rothchild a 1989. Lynch ya jagoranci asusun Magellan na kamfanin Fidelity daga 1977 zuwa 1990, inda ya riƙa samar da kusan kashi 29 cikin ɗari a shekara bisa matsakaici. Yana rubutu kamar mai hira, kuma a cikin duk jerin nan shi ne littafin da zai fi sa ka ji cewa kai ma za ka iya. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne cewa talaka yana ganin kamfani mai tasowa a wurin aikinsa ko inda yake sayayya tun kafin manazartan kasuwa su farga. Ya ba da misalin matarsa, wadda ta lura da wata safar mata mai suna L'eggs da kamfanin Hanes ke sayarwa a manyan kantuna, ya bincika, ya saya, ya ci riba mai yawa.

Sai dai mutane sukan riƙe rabin maganar su bar rabi. Lynch bai ce ka sayi kamfani don kana son kayansa ba. Cewa ya yi son kayan dalili ne na fara bincike. Ya kasa kamfanoni gida shida: masu tafiyar hawainiya, manya masu tsayayyen ci gaba, masu saurin girma, masu hawa da sauka tare da tattalin arziki, waɗanda suka durƙushe ana ƙoƙarin tayar da su, da masu ɓoyayyar kadara da kasuwa ba ta lura da ita ba. Amfanin rabon shi ne ka san abin da za ka sa rai da shi. Kamfanin wutar lantarki ba zai ninka sau goma ba, kuma ba laifinsa ba ne. Masu hawa da sauka, irin kamfanonin ƙarfe da motoci da jiragen sama, su ne tarkon sabon shiga, domin lokacin da ribarsu ta kai ƙololuwa ninkin farashinsu yakan yi ƙasa har su zama kamar arha, alhali saura ƙiris ribar ta rufto.

Aikin da za ka ɗauka daga Lynch shi ne abin da ya kira bayanin minti biyu. Kafin ka sayi kowane hannun jari, ka iya faɗa wa wanda bai san harkar ba, cikin minti biyu, me kamfanin ke yi, me ya sa kake ganin ribarsa za ta ƙaru, da abin da zai iya ɓata lissafin. Ka rubuta shi a littafin nan naka. Ranar da farashi ya faɗi, tambayar da za ka yi ita ce ko wani abu a cikin bayanin ya sauya. In bai sauya ba, babu dalilin sayarwa. In ya sauya, ka sayar ko da farashi yana hawa.

Common Stocks and Uncommon Profits na Philip Fisher, na 1958, ya fi tauri, jimlolinsa dogaye ne. Abu biyu za ka nema a ciki: tambayoyi 15 da yake yi wa kowane kamfani, yawancinsu a kan nagartar shugabanni da bincike da gaskiyar mu'amala, da kuma hanyarsa ta jin ta bakin mutane. Yakan ce ka je wurin kamfanoni biyar masu sana'a ɗaya, ka tambayi kowanne game da sauran huɗun, ka tambayi masu saye da masu kawo musu kaya da tsoffin ma'aikata. Shi kansa ya sayi hannun jarin Motorola a 1955 ya riƙe har ya rasu a 2004. Idan lokacinka kaɗan ne, Fisher zai iya jira zuwa shekara ta biyu.

Sai Graham

Yanzu ka isa inda The Intelligent Investor zai yi maka magana. Ya fara fitowa a 1949. Graham ya koyar a Jami'ar Columbia, ya kuma sha wuya da kansa a faɗuwar 1929, wadda ta kai ma'aunin Dow Jones na kasuwar Amurka ya zubar da kusan kashi 89 cikin ɗari zuwa 1932, bai kuma dawo inda yake ba sai 1954. Wannan tabon yana cikin kowane shafi, shi ya sa kariya daga asara ta fi neman riba muhimmanci a wurinsa. Ka nemi bugun da ɗan jarida Jason Zweig ya yi wa sharhi, wanda ya fara fitowa a 2003, domin bayan kowane babi yana fassara maganar da misalan zamani. Kuma kada ka bi shi daga shafi na ɗaya. Ka karanta gabatarwar Buffett, wanda ya gamu da littafin yana ɗan shekara 19 kafin ya zama ɗalibin Graham. Sannan babi na 1, na 8 da na 20. Biyun ƙarshen su ne Buffett ya ce a fi mai da hankali a kansu.

Babi na 1 ya raba zuba jari da caca: zuba jari shi ne abin da, bayan cikakken bincike, yake ba da tabbacin tsaron uwar kuɗi da riba mai gamsarwa, duk abin da bai cika wannan ba kuwa hasashe ne. A babi na 8 ne za ka haɗu da Malam Kasuwa. Graham ya ce ka ɗauka kana da abokin tarayya a wani kamfani, wanda kullum yake zuwa ya faɗa maka farashin da zai sayi rabonka ko ya sayar maka da nasa. Wata rana yana cikin murna, ya faɗi farashin da ya wuce hankali. Wata rana tsoro ya kama shi, ya faɗi na wulaƙanci. Ba ya fushi idan ka ƙi shi, gobe zai dawo da wani. Abin da babin ke koyarwa shi ne kada ka bar shi ya faɗa maka darajar abin da ka mallaka. Darajar tana cikin takardu ukun nan da ka koya karantawa. Shi dai farashi kawai yake kawowa, kai ke da zaɓin amsawa ko yin shiru. A yau da farashi ke motsi a wayar hannu kowace daƙiƙa, babin ya fi amfani fiye da lokacin da aka rubuta shi.

Babi na 20 shi ne na tazarar kariya. Ka yi lissafi ka ga hannu ɗaya ya cancanci 100. Kada ka saya a 95. Ka jira 65 ko 70. In lissafinka ya yi daidai, ribarka ta yi yawa. In ka yi kuskure, ashe darajar 80 ce, har yanzu ba ka yi asara ba. Tazarar nan an yi ta ne domin babu wanda lissafinsa ke fita daidai kullum, komai iliminsa.

Inda ban bi Graham ido rufe ba shi ne ƙa'idojin lambobi na babi na 14: farashi kada ya ninka riba fiye da sau 15, kada ya wuce ninki ɗaya da rabi na kadarar kamfani, kuma kamfanin ya zama ya yi shekara 20 yana rabon riba ba yankewa. An tsara su a zamanin da dukiyar kamfani take cikin masana'anta da layin dogo. Kamfanin manhajar kwamfuta, wanda dukiyarsa ke cikin suna da ƙwaƙwalwar ma'aikata, ba zai shiga wannan ma'auni ba ko yana da lafiya. Buffett ma ya matsa daga nan, da taimakon abokinsa Charlie Munger, ya koma sayen kamfani nagari a farashi mai kyau maimakon kamfani mai rauni a farashin arha. Ka riƙe dalilin ƙa'idojin, lambobin kuwa ka san zamaninsu.

Akwai littattafan da zan ce ka dakata da su. Duk wanda bangonsa ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata kaɗan, ko sirrin saye da safe a sayar da yamma, ka ajiye shi. Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki ya zaburar da mutane da yawa su fara tunanin kadara, amma ba zai koya maka auna darajar kamfani ba. Reminiscences of a Stock Operator na Edwin Lefèvre, na 1923, labari ne mai jan hankali da aka gina a kan rayuwar Jesse Livermore, kuma 'yan kasuwa suna ƙaunarsa, sai dai ka karanta shi da sanin cewa Livermore ya tara dukiya ya tsiyace fiye da sau ɗaya. Shi kuwa Security Analysis, wanda Graham ya rubuta da David Dodd a 1934, na wanda zai mai da nazarin kamfanoni sana'a ne.

Wani abu kuma da ya kamata ka riƙe a duk karatun nan: Amurkawa ne suka rubuta littattafan, da kasuwar Amurka a ransu. Babin da ke maganar harajinsu da asusun fanshonsu, idan ba can kake ba, ka tsallake ka nemi dokar inda kake. Maganar cewa kasuwa kullum tana dawowa ma tarihin ƙasa ɗaya ne ake faɗa. Ma'aunin Nikkei na Japan ya kai ƙololuwa a Disamban 1989, bai sake wuce wurin ba sai Fabrairun 2024, shekara 34 ke nan. Ka kuma cire hauhawar farashi daga kowace riba kafin ka yi murna, domin wanda ya samu kashi 15 a shekarar da kaya suka tashi da kashi 20 baya ya ci. Graham da Bogle duka suna ba da shawarar raba kuɗi tsakanin hannun jari da takardun bashi masu kuɗin ruwa. Wanda yake kauce wa kuɗin ruwa sai ya nemi sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, a madadinsu, ya kuma duba ma'aunai irin Dow Jones Islamic Market, wanda aka fara a 1999, masu tace kamfanoni bisa sana'arsu da yawan bashinsu.

Bayan littattafan, karatun da zai ci gaba da kai shi ne wasiƙun da Buffett ya riƙa rubuta wa masu hannun jarin kamfaninsa na Berkshire Hathaway duk shekara. Suna shafin kamfanin kyauta, tun daga ta 1977. Lawrence Cunningham ya tattara su bisa maudu'i a The Essays of Warren Buffett, ga wanda ya fi son littafi a hannu. In za ka bi na asali, ka fara da huɗu: ta 1987, inda ya sake ba da labarin Malam Kasuwa da kalmominsa; ta 1989, inda ya lissafa kurakuransa na shekara 25 na farko; ta 2013, mai bayanin gonar da ya saya a Nebraska da umarnin da ya bari cewa a zuba kashi 90 na kuɗin matarsa a asusu mai bin S&P 500; da ta 2017, inda ya kawo sakamakon cacar nan ta shekara goma, asusu bayan asusu.